Ɗinkin Ɗamara

Ni baduku ne, a Shiyar Madunka aka yanke cibiyata,
idona ya saba neman inda zare ya yi sanyi.
Baje koli a Legas, jakunkuna arba'in na jar fata.
Ɗana Lauwali ya latsa waya ya ce, "Baba, ga mai rahusa."
Na ce to. Ragowar kuɗin na sayi rini.

Ƙarfe bakwai muna hanyar Boɗinga,
ƙarfe tara aka ce zai tashi.
Sha biyu ta buga, allo bai motsa ba,
fanka ɗaya tana kwashe zafi daga nan tana zubawa can.
Yarinyar bayan kanta ta auna kayana,
ta ce tikiti na mutum ne, ban da abin da ya ɗauko.
Na biya wa fata kusan kuɗin mai fatar.
Na tambayi jirgi. Ta ce, "Yana hanya."
Wace hanya, ɗiyata? Sama ma akwai shinge ne?
Ba ta ɗago ba.

Kusa da ni Hajiya Ige, mutuniyar Wurno,
likitan ƙoda ya ba ta ƙarfe huɗu,
ta riƙe takarda har gumi ya cinye sunansa.
Muka yi azahar a kan kwali.
Muka yi la'asar a kan kwalin.

Da ya zo, muka taka kwalta mai laushi kamar danƙo.
Na zauna, na jawo ɗamarar kujera,
yatsana ya riga idona:
bakinta ya zare, an bi shi sama-sama da zaren da bai dace ba,
irin ɗinkin da nake sa yaron shago ya warware
ko da magariba ta kama shi.
Na leƙa taga, ga baƙin mai yana bin fiffike
kamar kwalli a kumatun mai kuka.
Na kira saurayi mai jar taye.
Ya yi murmushin da aka koya masa,
ya ce, "Haka yake, Alhaji."
Ban je Makka ba, ban kuma yarda ba.

Jirgi ya yi gurnani, ya ja mu har bakin titi,
sai ya turje kamar jakin da ya hangi rami.
Murya ta sauko daga rufi, a hankali, ba rawa a cikinta:
wata fitila ta kama a gabansa,
ba zai ɗaga mu ba.

Kai! Zagi ya tashi kafin mutane su tashi.
Wani ya ce an biya shi ne, wani ya doki kujera.
Hajiya Ige ta ninke takardarta gida huɗu,
ta sa a bakin zane.
Ni kuwa na san muryar nan,
ta mai sana'a ce da ya ƙi miƙa takalmin da bai gama ba
alhali mai shi yana tsaye a ƙofa.

A kanta ba kowa, sai lambar waya manne da gam.
Yau kwana goma sha tara ina kira.
Kiɗa ke ɗauka,
wata ta ce kirana yana da muhimmanci,
katina ya ƙare tana faɗi.
Araha ba ta ado, na sani tun ina yaro,
ban san tana hana amsa sallama ba.

An ce Hajiya ta bi motar dare.
Ban ji ko ta kai ba.

Jakunkunan suna nan, talatin da tara,
ɗaya na warware na yi alabe da ita,
ɗinki biyu-biyu, ba inda zare ya yi sanyi.
Na matuƙin ne.
Ban san sunansa ba, ba wanda zai ɗauki waya ya gaya mini.
Yana rataye a ƙusa, saman kaina,
duk sanda wani ya keta sama sai in ɗaga ido.