Har Ƙarfe Biyu

Wata goma sha ɗaya ke nan
takardar na manne a ƙofarmu, nan Higashi-Osaka.
Ruwa ya dake ta, rana ta lashe jan tawadar,
har "ana neman ma'aikaci" ya koma
kamar raɗar mai ciwon maƙogwaro.

Mu tara ne. A zamanin mahaifina, ashirin da uku.
Muna fiƙe kusoshi ƙanana kamar ƙwayar shinkafa,
su ke riƙe da ƙofofin jirgin ƙasa,
ba wanda ya san da su, balle da mu.

Tsoho Ishibashi ya ba saba'in baya.
Yakan ɗora yatsa kan ƙarfe, ya lumshe ido,
ya ce, "An ci shi da kaurin gashi guda."
In an auna, hakan ne.
Wannan yatsa ba ya cikin littafi,
ba ya cikin kwamfuta,
kuma tun bara ya soma rawa.

Matasa sun zo, ban ce ba su zo ba.
Wani ya dubi baƙin man da ke ƙasa,
ya dubi farin takalminsa.
Wata ta tambayi albashi, na faɗa,
ta rusuna sau biyu cikin ladabi,
irin rusunawar da ke nufin sai wata rana.
Babban kamfanin tsallaken kogi
yana biyan nawa da rabinsa a kai,
ga motar ɗauka, ga ɗakin renon jarirai.
Ina laifinsu?
An ce mai nema yana tare da samu,
ni dai nema ne ke tare da ni.

Khoa ya zo daga Vietnam da jaka ɗaya.
Shekara uku muna gyara masa hannu da harshe,
ranar da ya ƙware, Nagoya ta kira shi.
Ya yi kuka, ya bar min kwalin shayi.
Ni na yi kiwo, wani ke tatsa,
amma uwarsa na jiran kuɗin rufin ɗaki,
sai na raka shi tasha.

Jiya aka bugo waya: kusa dubu arba'in kafin ƙarshen wata.
Na dubi injuna huɗu lulluɓe da tamfol
kamar majinyata,
na ce a yi haƙuri.
Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Mutumin banki ya ce in sayi mutum-mutumi.
Ya rubuta farashin a bayan katinsa,
na ƙirga sifilai, na zuba masa shayin Khoa.

Sai yau da hantsi, ana yayyafi,
wata mata ta jingine keke a bakin ƙofa.
Tsujimoto, shekara hamsin da huɗu,
talatin daga ciki a kan keken ɗinki
kafin masaƙarsu ta rufe.
"Ba na wuce ƙarfe biyu," in ji ta,
"tsohuwata ba ta cin abinci daga hannun kowa."

Mahaifina yana kallona daga hoton bango.
Dokarsa uku ce: namiji, matashi, safe zuwa dare.
Na san amsar da zai bayar,
na buɗe baki zan ara.

Ishibashi ya riga ni.
Bai ce uffan ba, ya miƙa mata kusa biyu.
Ta murza su tsakanin yatsu
kamar mai taɓa yadi a kasuwa,
ta ce, "Wannan ta fi wannan siranta."

Tsohon ya juya baya, yana ta goge tabarau.

Na fita cikin yayyafin, na ɓamɓare takardar,
ta biyo hannuna a jiƙe, guntu-guntu.
Zan rubuta wata, da wasu kalmomi,
don har yanzu inji uku na barci.

Amma yau mu goma ne.
Mu goma, har ƙarfe biyu.