Wushiryar Ladidi

Wushirya na fara gani kafin in ga mai ita,
a kasuwar Faringada, bayan tulin kabeji,
ranar da na sauke buhun dankali na manta na wane ne.
Ladidi takan zari karas ɗaya daga tire,
ta goge a gefen zane, ta gartsa, ƙaras!
Mai ciniki ya ji ƙarar, ya bar neman ragi.
Shekara ashirin da shida da haƙori take talla.

Bara, ruwan fari bai daɗe da sauka ba,
ta gartsa, ta duba, ta dunƙule sauran cikin tafin hannu.
Na riga na gani. Ja ne, shatin haƙora huɗu.
Ta ce asuwaki ne ya yi tauri. Muka sake asuwaki.
Ta ce sanyin Jos ne. Muka jiƙa kanumfari,
ruwan gishiri da asuba, ruwan gishiri bayan isha'i,
dasashi na ta kumbura kamar an zuba masa yisti.

Wushiryar kuwa sai faɗi take.
Ni da nake cewa da ma ta ƙaru,
ga ta ta ƙaru, na rasa inda zan sa idona.

Da dare kofi ba ya kwana da ruwa.
Sau biyar ƙyaure ke kuka kafin kiran salla.
Tururuwa ta yi layi zuwa makewayi,
ita ta san labarin kafin mu,
mu kuwa muka bi ta da tsintsiya.

A Asibitin Filato, wata likita mai suna Kangyang
ta haska bakin, ta yi shiru, ta ajiye ƙarfenta.
Ta ce, Mama, yaushe rabonki da gwajin suga?
Ladidi ta ce, baki na kawo miki, 'yata, ban kawo jini ba.
Aka huda yatsa. Lambar da ta fito
ko kuɗin buhun albasa ne sai an ce ya yi tsada.

Ta ce mana, su biyun maƙwabta ne, katanga ɗaya,
kowa na ɗebo wuta a gidan ɗan'uwansa.
Suga in ya hau, miyau ya janye, jiki ya yi sanyi wajen faɗa,
ƙwayar cuta ta shimfiɗa tabarma a gindin haƙori.
Dasashi kuma in ya ruɓe, ba ya ruɓewa shi kaɗai,
sai ya tura suga sama, ya hana magani cin jiki.
Wanda ya kashe murhu ɗaya ya bar ɗaya,
da safe zai tarar da biyu suna ci.

Aka kankare, aka wanke. Turmi ɗaya bai tsira ba.
Yana cikin robar man zafi, ƙasan akwati, ta hana a yar.

Yanzu acca muke ci, da gwate mai ganye da yawa.
Shayina ma ba suga, ba don an hana ni ba,
ƙarar cokali a kofi ce ba na so ta ji.
Buroshi mai laushi, ƙwaya bayan karin kumallo,
kati biyu a jaka ɗaya, na jini da na baki,
ba ta zuwa wa ɗaya ta bar ɗaya.

A kasuwa ni ke gartsa karas ɗin yanzu.
Ina yi da ƙarfina, har kunnena ya amsa,
masu ciniki su dube ni, su ce a rage ɗari biyu.
Jiya abin ya ba ta dariya.
Ta kai hannu za ta rufe baki, yadda ta koya bara,
wata ta ce a auna mata tumatir,
hannun ya wuce can.