Hanya Biyu a Bayan Kati

Shekara ashirin da bakwai ina jan tirela
daga Tudun Hatsi zuwa Numan,
har sitiyari ya fara gugar cibiyata.
Na ja kujera baya, ta ƙure.
Ciwon suga ya shigo ba sallama,
gwiwa ta ce ita ta gama hawa mota.
Kilo ɗari da hamsin da ɗaya.
"Buhun masara da rabi," in ji Bappayo yaron motata,
ya fara dariya, ya ga ban taya shi ba.

Dakta Yila ta juya bayan katina,
ta zana tumbi, ta zana hanji
a naɗe kamar igiyar ɗaurin kaya.
Ta ce, "Malam Manu, aikin iri biyu ne,
amma mafarinsu ɗaya:
'yar jaka za a ware maka daga tumbi,
ba ta fi ƙwan kaza ba.
Loma uku, ka ƙoshi.
Inda aka haɗe hanya, nan suka rabu."

Na ce, "Likita, yi mini da yaren direba."

Ta ajiye biro.
"Abinci kaya ne, hanji kuwa titi,
kowane gari da abin da ake sauke masa.
A aikin kusa, Kumo kaɗai ka kauce wa,
ka hau kwalta a Billiri.
Kaltungo na nan, Bambam na nan,
kowa zai sauke rabonsa, jiki ya samu.
Ƙiba za ta tafi,
amma mai sakaci takan waiwayo shi.

A aikin nesa, daji za ka yanka,
ba kai ba kwalta sai Cham.
Kasuwa ɗaya ta rage, ga mota shaƙe:
maiƙo ya wuce, nama ya wuce, ba mai saukewa.
Nan kilo ke zuba kamar buhu ya fashe,
sai dai ba ƙiba kaɗai ke zuba ba.
Jini kan yi ƙasa, ƙashi ya yi sanyi, ƙafa ta kumbura,
ga zagayawa sau biyar, sau shida a yini.
Ƙwayoyi kullum, gwajin jini har iya rai.
Na kusan ma yana son ƙwaya da gwaji,
amma bashinsa bai kai wannan nauyi ba."

Sau shida!
Ni da na san inda za ka tsai da tirela a gangaren Cham
sai ka yi addu'a tukuna.

Na tuna Hammadikko,
da ya yanki daji wata damina don ya riga mu isa.
Ya riga mu ɗin.
Mota ce dai ba ta sake moruwa ba.

Ban ce mata komai ba. Na ninke katin.

Da dare Dudu ta kawo tuwo malmala uku, yadda ta saba,
miyar kuka da man shanu na yawo a kai.
Na ce ta ba ni ƙwai ɗaya, ɗanye.
Na riƙe shi a tafin hannu,
na dubi ƙwai, na dubi kwano.
Ta ce, "Lafiya?"
Na ce, "Awo nake yi."

Gobe zan koma da tambaya ɗaya:
in na bi ta Billiri,
wata nawa kafin in ja kujera gaba?