Muryar Barmu

Shekara uku da aka kai Barmu makwanci
can bayan duwatsun Birni.
Basillarsa na nan soke a azara,
fatar da bai gama rinawa ba
ta bushe da ja a gefe guda.

Ran Alhamis Zabairu ya shigo da salula,
ya ce, "Inna, zauna."
Ashe ya tsince saƙonnin da uban ya bari,
na cinikin alabe, na barka da Sallah,
na faɗa a kan kuɗin kuran,
ya ɗura wa wata na'ura marar gida,
ta tauna, ta tofo.

"Gwamma, kin tashi lafiya?"

Tulu na hannuna.
Ruwan da na saya gun ɗan garuwa tun asuba
ƙasa ta shanye, ban ko duba ba.
Har ɗan tarin nan nasa.
Har yadda yake jan sunana
kamar mai jan zare a cikin kirgi.

Dare bakwai ina kwana da ita a kunne.
A na takwas ta ce, "Ki yafe mini."
Nan na tashi zaune.
Shekara talatin da ɗaya, Barmu bai taɓa faɗin haka ba.
In ya yi laifi, tsire yake sayowa a Kasuwar Dole,
ya aje bakin tabarma, ya juya baya,
ya yi ta gyaran muryar da ba zai yi magana da ita ba.
Wannan ya fi mijina daɗin baki.
Wannan ba mijina ba ne.

Kafin wata ya mutu, Nomau ƙanensa ya ji labari.
A zauren mai unguwa, gaban dattawa,
Barmu ya sake magana:
wai gonar hanyar Mirya, tun da rai ya ba Nomau.
Liman ya daɗe yana shafa gemu.
Wa za a sa ya dafa Alƙur'ani?
Abin ba shi da hannu, ba shi da alwala,
ba ya tsoron kabari.

Da aka raba gado an lissafa komai,
gida, akuya biyu, wuƙaƙen dukanci,
tumunina aka ba ni a hannu.
Murya fa, a kason wa ta faɗa?
Ko rigar mamaci ba a sa ta sai an yi rabo.
Na ce, "Zabairu, ka tambaye shi?"
Ya dubi ƙasa.
Na ce, "Goge."
Ya ce, "Inna, na goge tawa.
Sauran ban san inda suke ba."

Jiya ƴata ta aiko saƙo daga Agadas,
tana neman jikka biyar na magani.
Sau uku na saurara.
Ban aika ba sai da na sa ta faɗa mini
wace ƙafa ce ƙaya ta soke ta tana ƙarama.
Ta faɗa, tana kuka.
Ni ma.

Abin da ban gaya wa kowa ba:
in na rufe ido ina neman muryarsa ta gaske,
waccan ce ke riga ta zuwa.
Sai in sauko da fatar nan,
in kai hanci,
bagaruwa da gumi,
in zauna shiru,
yadda yake yi.