Allurar Baba Sada

Kafin ya miƙo mini makulli
sai da Baba Sada ya zagaya motar sau biyu,
yana ƙwanƙwasa tayoyi da gindin sifana
kamar mai zaɓen kankana.
Ta baya, ta hagu, ta amsa da muryar mai mura.
Ya ce, "Ka ji ta? Da mu take cin abinci.
Tayar da ba ta ƙoshi da iska ba
a tanki take ramuwa.
Kai ta wurin Ilu mai faci."

Asuba ce a Ƙofar Durɓi.
Saura mutum biyu mu cika,
ni kuwa na tayar, ina ba ta wuta
don 'yan kamasho su san na zama direba.
Ya zuro hannu ta taga ya kashe.
"Motar da ke tsaye tana kuka
kuɗinka take karanta wa iska.
Ka taɓa ganin an hura murhu
tun ba a sayo tsaki ba?"

Ya buɗe but: tsohon batir, rim biyu, buhun yashi
da ban san ranar da ya shigo ba.
"Waɗannan fasinjojin, wa ya karɓi kuɗinsu?"
Muka sauke su.

A hanya ba ya yawan magana.
Ƙafata kawai yake kallo.
In na danne totur sai ya yi gyaran murya.
"Lallaɓa ta. Ba kunama kake takewa ba.
Sa giya ta gaba, kar ka bari tana gurnani.
Ka hango shingen can?
To ɗaga ƙafa tun daga nan, ta gangara da kanta.
Duk birkin da ka taka da ƙarfi
man da ka riga ka biya ne ka zubar a kwalta."

Barmo ya wuce mu kamar an jefa shi,
hon, hayaƙi, hannu ɗaya a waje.
Zuciyata ta ce bi shi.
Baba ya ɓare goro.
A Shargalle muka iske shi gefen titi,
yana ciniki da ɗan bumburutu,
fasinjojinsa na fifita da hula.
Ban ce komai ba. Baba ma bai ce ba.
Sauri dai ya haifi nawa.

Bana shekara huɗu ke nan.
Idonsa ya yi hazo, ya bar tuƙi,
yana zaune a zaurensa na Daura da rediyo a cinya.
Littafinsa yana nan a aljihun ƙofa,
ya sha maiƙo, da rubutun ajami:
ranar juye, ranar filogi,
ranar da ya kakkaɓe matatar iska,
lita nawa zuwa, lita nawa dawowa.
Na ci gaba daga inda ya tsaya, da biro ja.

Jiya na biya wa Hajjo kuɗin jarrabawa
ba tare da na taɓa balas ba.
Na je in gaya masa.
Tun ban gama sallama ba ya ɗago kai:
"Ina allura ta tsaya?"
Na ce, sama da kwata.
Ya yi shiru, ya juya goro a baki.
"A hannuna, da rabi ce.
Zauna ka sha ruwa."