Gamma Ba Ta Gama Ba

Ƙarfe biyun dare a Aboabo,
janaretan maƙwabci ya yi shiru, sauro bai yi ba.
Ni da kwamfuta da shayin da ya huce
muna jinyar wani aiki a rumbun manhaja,
sunansa gamma marar cika.
Inna Lantana ta leƙo da fitilar waya:
"Zuwaira, kin gama?"
Na ce, gamma ce, Inna.
Ta ce, "To in gama ce, ki kwanta mana."

Na ce, kin san torotoro a Kejetiya,
ba ya tashi sai ya cika.
Mutum sha huɗu, ɗaya bayan ɗaya,
mai kwandon kifi, mai ƙunshin atamfa, malamin da ya makara.
To kafin minti ashirin,
mene ne rabon yaron mota ya ja ƙofa?
Cikakkiyar gamma tana jira har abada.
Tawa agogo take dubawa,
ta yanka jira gida biyu,
wanda aka sha da wanda ya saura.

Hanya biyu gare ta.
In jiran gajere ne, tarawa ake yi
kamar adashen da kowane zubi ya gaza na jiya,
har a zo kan wanda bai kai a buɗe masa littafi ba.
In ya yi tsawo, sai rabo a cikin rabo,
ƙwarya a cikin ƙwarya a cikin ƙwarya,
ana sauka har ƙasan ya daina motsi.

Wani ɗalibi, Issaka, ya aiko saƙo ran Talata:
"Na ba ta dubu hamsin, ta ce wai amsar ba lamba ba ce."
Kwana uku ina bin sawu.
Ashe wata lamba ta kumbura ta fasa ma'ajinta,
wata ta rame ta koma sifili,
da aka ninka su sai hayaƙi.
Na ɗaure su a logaritim, na tara a hankali,
sai a bakin ƙofa na kwance ƙullin.
Na kuma hana ta cire kusan-ɗaya daga ɗaya.
Wa ke auna gishirin miya
ta ɗora tukunya a sikeli sau biyu?

Gwaji ɗari biyu da shida sun yi kore.
Guda ya ƙi,
can kan iyaka inda hanyoyin biyu suke gaisawa,
saɓani a lamba ta sha biyar bayan ɗigo.
Na rubuta masa: na gan ka, zan dawo.

Inna ta riga ta dama koko.
Na sha a tsaye, na fita.
A mota ni ce ta sha uku.
Na san rabon tashinmu fiye da direba,
yaro yana ta kiran Adum, Adum,
kujerar gefena babu kowa,
sai jakata da na ɗora na sauke.