Mai Amsa na Goma Sha Bakwai

Shekara biyu aka ce mini da farko.
Ta huɗu ta leƙo ta tarar da ni
a kan benci, ƙofar ofis, Tudun Wada,
kundi a cinya, ina jiran Dakta Rifkatu
ta fito daga taron da ba ya ƙarewa.

Jan bironta ba ya gajiya.
Babi na biyu sau bakwai yana dawo mini
kamar kazar da aka yanka ba a danne ba.
"Wa ya faɗa?" take rubutawa a gefe.
Na ce ai kowa ya sani.
Ta ce, "Kowa ba shi da lambar shafi."

Ƙasa na je yi wa tambaya:
me ya sa fadamar Dadin Kowa ke yin fari-fari
kamar leɓen mai azumi,
tumatir ya kai gwiwa ya ƙi gaba?
Rami ɗari da ashirin na haƙa,
na ƙulle ƙasa a leda, na liƙa mata lamba,
na goya ta a babur daga Hinna zuwa Gombe,
yara na bi na, suna ga mai tsibbu nan.

A wata gona rana ta durƙusar da ni.
Baffa Jungudo ya miƙo gora,
ya dangwali ƙasa ya ɗora a harshe,
ya tofar, ya ce,
"Kanwa ce ta taso.
Ruwa ya shigo, ba a nuna masa ƙofar fita ba."
Na rubuta, ina murmushi irin na ɗan boko.

Wata goma sha ɗaya a ɗakin gwaji.
Wuta ta zo, wuta ta tafi.
Yajin aiki ya garƙame ƙofa damina guda.
Kwamfuta ta haɗiye babi na huɗu
ran da aka raɗa wa 'yata suna.
Dudu ta sayar da tunkiyarta aka biya kuɗin awo,
ba ta taɓa goranta mini ba,
sai dai in na yi dare na ji tana ce wa jaririya,
"Yi barci, babanki na hira da ƙasa."

Da alƙaluma suka gama jeruwa,
abin da suka faɗa
shi ne abin da harshen Baffa ya faɗa kafin ya tofar.

Ran kare kundi, mutum biyar a tebur,
fanka na juyawa a kasale.
Baƙon farfesa ya tuhumi waƙafi, ya tuhumi ma'ana,
gumi ya zana Gongola a bayan rigata.
Can ya rufe, ya ce, "Gyara kaɗan."
Dakta Rifkatu ta mayar da murfin jan biro.
Ƙas!
Ban taɓa jin guɗar da ta kai wannan daɗi ba.

Gidado ya ɗaure shi da baƙin bango,
sunana da ruwan zinariya.
Ɗaya na sashe, ɗaya na laburare
inda gizo-gizo zai yi nazarinsa a nitse.
Tsofaffin takardun gyara kuwa
suna bakin tasha, ana naɗe ƙosai da su.

Na ƙarshen na kai Hinna.
Baffa ya auna shi a tafin hannu.
"Ya kai mudu. Ina nake a ciki?"
Na buɗe shafi na sittin da uku,
na nuna da yatsa:
Mai Amsa na Goma Sha Bakwai.
Na ce ƙa'ida ce, ba a sa suna.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"To, ka ce Sha Bakwai na gaida malamarka.
Ga shebur can.
Magudanar da ka rubuta ba za ta haƙa kanta ba."

Na ajiye kundin a gindin mangwaro,
na ɗora masa hulata,
na naɗe ƙafar wando.